Yadda Ake Korar Koci Ba Tare da An Haɗa Ido Ba

Ranka ya daɗe shugaban kulob, kwantar da hankalinka. Shekara tara ina sakataren ƙungiya, takardar sallama goma sha ɗaya na buga da yatsun nan. Bi matakaina, koci zai tafi, kai kuwa ko gumi ba za ka yi ba.

1. Fara da rantsuwa

An ci ku sau uku a jere? Kira 'yan jarida, ka dafa kafaɗar koci. Haka maigidana ya yi wa Dogo, wanda ya shekara goma sha huɗu yana tsare mana baya har gwiwarsa ta lalace, kafin ya zama koci. "Ni da Dogo mutu ka raba," in ji shi. Ranar Litinin ke nan.

2. Manta wanda ya kawo ɗan wasan gaba

Ƙanin matarka ne, kai ka ce dole a sa shi. Wata biyar bai ga raga ba. Laifin koci ne. Ai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

3. Kada maganar ta fito daga bakinka

Don me aka ɗauki mai gadi? Ranar Alhamis Dogo ya iso da usur a wuya, ya tarar da ƙofa a kulle. Tsohon mai gadin da ya san shi tun ba shi da gemu ya sunkuyar da kai. "Koci, ka yafe ni. An ce kada in buɗe."

Dogo bai yi musu ba. Ya roƙa a miƙo masa maganin gwiwarsa da ke cikin durowa. Ta tsakanin ƙarafan ƙofar aka ba shi.

Kai a lokacin wayarka a kashe take.

4. Fitar da sanarwa

Rubuta cewa kun rabu bisa fahimtar juna. Takarda ɗaya ce, suna kawai nake canzawa. Sau ɗaya na manta ban canza ba, babu wanda ya lura.

5. In ya dawo da wata ƙungiya

Zai dawo. Dogo ya zo ya zura mana huɗu a filinmu, magoya bayanmu suna kiran sunansa. Bai yi murna ba, ya gaisa da kowa har mai yankan ciyawa. Irin wannan rashin kunyar ba ta da magani. Fice kafin a tashi, ka kori sabon koci tun kana cikin mota.

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya, ba hannuna ba ƙafata. Maigidana ya kira koci shida, babu wanda ya ɗaga waya. Ranar Asabar ni zan zauna a benci a matsayin koci, kuma har yanzu direban ƙungiya yana koya mini abin da ake nufi da satar gida.