Rasuwar Bisera Mai Taya Biyu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya tsaga hanyoyi a cikinta, Ya kuma sanya wa kowace tafiya zangonta na ƙarshe. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa da alayensa da sahabbansa.

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kamar yadda aka saba rubutawa, ko da yake mai zuciyar ya dudduba cikinta tun ranar Talata bai sami komai ba, Hafiz Zejnil-efendija Hadrović, tsohon malamin makarantar masallacin Brezik, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan hanya rasuwar

BISERA,

'yar tirelar nan ta tafi-da-gidanka, fara mai ratsin ruwan ƙasa, wadda ya zauna a cikinta shekara goma sha ɗaya. Ta cika ranar Talata da hantsi a garejin Ragib makanike, tana da shekara talatin da huɗu a duniya. Ta bar tsoho ɗaya da tsofaffin karnuka biyu, Garo da Bjelka, waɗanda ba su san wata inuwa ba sai ƙarƙashinta. Tun kafin a fitar da ita daga gareji an yi magana da wani gidan ajiye karnuka, an ce motarsu za ta zo ɗaukarsu ranar Asabar.

Mai sanarwa ya san hukunci. Ƙarfe da katako ba su da rai, ba a yi musu wanka, ba a yi musu salla. Saboda haka ba a liƙa wannan takarda a allon masallaci tare da na bayin Allah ba. An kafa ta ne a jikin bishiyar lipa ta bakin hanya, da izinin limami. Koren layin da ya kewaye ta kuwa, irin na sanarwar mutuwar mutane, mai buga takardun mutuwa ne ya ce ba shi da wata iri, mai sanarwa kuma bai sami ƙarfin musu ba.

An ƙera marigayiyar a Sloveniya. Ta yi ƙuruciyarta a hannun wani likitan haƙori da ke kai ta bakin teku mako biyu a shekara, sauran kwanakin tana tsaye a bayan gida kyanwoyi na haihuwa a ƙarƙashinta. Ta shigo hannun efendija, wato malam mai sanarwa, a shekarar da ya ajiye koyarwa. Gidan da yake ciki na masallaci ne, sabon malami kuma yana tafe da iyalinsa. Matarsa Zumreta, wadda kowa ke kira Zumra-hanuma, wato uwargida Zumra, Allah Ya ji ƙanta, ita ta fara ganin tirelar, ita ta raɗa mata suna, ita ta yanke magana.

"Shekara arba'in ina kallon bango ɗaya, Hafiz," in ji ta. "Yanzu kuma bangon ne zai bi ni."

Marigayiya Bisera mai haƙuri ce. Kowane azumi takan hau da su ƙauyukan da mutanensu suka watse, inda tsofaffi shida ko bakwai suka rage ba mai ja musu asham, ta tsaya a gefen masallaci wata guda ba ta taɓa ƙorafi ba. Da rani tana kan dutsen Vlašić tare da makiyayan tumaki. Idan sanyi ya kawo jiki ta gangara kudu wajen Stolac, inda dusar ƙanƙara ba ta daɗewa. Aibinta guda, kuma ba a ɓoye shi ba: sallaya ba ta shimfiɗuwa a cikinta sai ta fuska ɗaya, tsakanin gado da murhu. Don haka duk inda aka sauka, sai an juya ɗakin gaba ɗaya ya kalli alƙibla. Efendija yana kan sitiyari, Zumra-hanuma tana waje da ɗan kamfas a tafin hannu tana kira: "Hagu! Na ce hagu, Hafiz! Wannan ai Italiya ka fuskanta!" Wasu baƙi da suka sauka kusa da su a bakin kogin Neretva sun taɓa tafa musu bayan juyi na goma sha huɗu.

Ba ta da yawan magana. Ƙofarta takan ce ƙiiii idan an buɗe, ta ce ƙwas idan an rufe. A kan hanyar tsakuwa kofunan gahawa da ke cikin kabad sukan ce caka-caka-caka har a iso kwalta. Idan ruwa ya sauka, rufinta yakan yi tatatata kamar mai jan carbi da gaggawa. Waɗannan ne kaɗai kalamanta da aka kiyaye.

A shekara ta biyu wani makiyayi a Vlašić ya miƙa wa Zumra-hanuma 'yan kwikwiyo biyu a cikin hula, baƙi da fara. Efendija ya yi kwana uku yana buɗe littattafai, sannan ya fito da hukunci: kare na gadi ya halatta, amma ba zai taka inda ake sujada ba. A hanya su hau bayan mota, a zango su zauna ƙarƙashin Bisera.

"Gadin me za su yi?" in ji ta. "Tukunya biyu da littattafanka? Ɓarawon da ya ɗauki littattafan nan ai bayansa ne zai karye, shi ya kamata a tausaya wa."

Amma ba ta taɓa keta hukuncin ba. Garo da Bjelka ba su taɓa ɗora ƙafa a matakalar ƙofa ba, ko sau ɗaya. Efendija ya ciyar da su, ya shayar da su, ya kai su allura kowace shekara. Bai taɓa shafa kan ɗayansu ba. Ba don ƙiyayya ba, abin dai bai taɓa zuwa masa a rai ba.

Shekara huɗu da suka wuce ciwo ya kwantar da Zumra-hanuma. Ta ƙi zaman asibiti sai ranakun magani, don haka aka dawo da Bisera Brezik, aka tsayar da ita a gonar tuffa ta Ragib, wanda efendija ya koya wa Fatiha yana yaro. Watanni tara ta yi a gadon da ke kusa da taga, na ƙarshensu ba ta iya sauka ko bakin ƙofa. Ta rasu da kaka. An binne ta a maƙabartar Brezik. Efendija ya yi kwana arba'in, ya ɗaura Bisera a bayan mota, ya ci gaba da zagayen da suka saba, domin bai san wani abin yi ba. Bai taɓa gadonta ba. Yadda ta bar shi da darduma a gabansa, haka yake.

Tun daga lokacin ya lura da wani abu. Duk inda aka sauka, karnukan sukan shige ƙarƙashi su zauna a wuri ɗaya, su ɗaga kai suna kallon sama. Ya ce a ransa ɗumin murhu suke bi. Shekara uku yana faɗin haka, alhali ya san murhun yana ɗaya ɓangaren.

Jinyar Bisera gajeriya ce. A bara daɓenta ya fara lotsawa ƙarƙashin ƙafa. A watan jiya, a gangaren Vlašić, ta yi wani sauti da ba ta taɓa yi ba, ƙarrr sau ɗaya, ta karkata hagu. Ranar Talata Ragib ya shiga ƙarƙashinta da fitila da guduma. Bai buga ba ma, yatsa ya sa, ƙarfen da ke ɗauke da ita ya marmashe kamar busasshen burodi. Ya fito ya daɗe yana goge hannu.

"Ta gama, efendija. Ko mahaifina ya tashi daga kabari da injin walda ba zai tsayar da ita a hanya ba."

"Tsufa ne?"

"Ruwa ne."

"Ta ina ruwa ya shiga? Kowace kaka ina liƙe rufin nan da hannuna."

Ragib ya shiga ciki ya ɗaga darduman gaban gadon Zumra-hanuma. Akwai huda a daɓen, zagayayya, faɗin faranti ƙarami, an rufe ta da murfin tukunya. Katakon da ke kewaye da ita ya yi baƙi ya ruɓe.

"Ni na huda," in ji Ragib. "Ka tuna Juma'ar da na aiko cewa cikina ne ya hana ni zuwa masallaci? Cikina lafiyarsa ƙalau. Kana fita ta kira ni. Na ce, Zumra-hanuma, ruwan hanya zai shiga ta nan, zai ci daɓen, zai ci ƙarfen. Ta ce, shekara nawa? Na ce huɗu, ko biyar in an yi sa'a. Ta ce, ai ni ko ɗaya ba ni da ita, huda, ɗan nema, kafin a idar da huɗuba. Na ce, efendija fa? Ta ce, cewa ya yi kada su shigo. Bai ce kada hannuna ya fita ba."

"Ba ka faɗa mini ba."

"Ta sa na rantse. Ta ce idan ka sani za ka yi kwana uku kana buɗe littattafai, ita kuma ba ta da kwana ukun bayarwa. Bayan ta rasu na so in toshe, sau biyu ina ɗauko katako. Sai in leƙa ƙarƙashi in gan su zaune suna kallon wurin."

 Efendija ya jira ya ji fushi, bai zo ba. Ya jira hawaye, su ma ba su zo ba. Ya tambayi Ragib ko ya rama azahar ɗin wannan rana, Ragib ya ce ya rama.

'Yarsa Senija, ma'aikaciyar jinya a Zenica, ta iso da la'asar. Ita ce ta yi magana da gidan karnukan, kuma ba wanda zai zarge ta.

"Babo, shekararka saba'in da shida. Ƙirjinka yana kuka kamar ƙofar tirelar nan. Na gyara maka ɗaki, jikokinka har sun rubuta sunanka a ƙofa. Amma hawa na shida ne, Babo. Garo ko lif ba zai shige ba, maƙwabta kuma sai sun cinye ni ɗanya."

"Wa zai ɗauki kare ɗan shekara goma?"

"Za su kula da su."

"A ƙarƙashin me za su kwanta?"

 

Washegari da hantsi efendija ya shiga Bisera shi kaɗai. Ya kwanta a gadon da bai taɓa ba shekara uku, ya ɗauke murfin tukunyar, ya saukar da hannunsa ta hudar har gwiwar hannu. Bai kai ga ƙirga uku ba wani babban kai ya shigo tafinsa ya tsaya, kamar wanda ya daɗe a layi. Daga baya ƙaramin ya ture shi. Shekara arba'in yana karantar da yara labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, yana tambayarsu darasin da ke ciki, suna amsawa daidai, yana ba su alewa. Ya daɗe a kwance. Abin da ya ji kawai shi ne ɗumi. Da aka kira azahar ya tashi ya wanke hannun kamar yadda littafi ya ce.

Waɗanda aka yi wa rashi: Zejnil-efendija, Garo, Bjelka mai ɗingishi, Senija da mijinta da 'ya'yansu, waɗanda ake roƙo su yi haƙuri su bar sunan a ƙofa domin efendija zai je musu Idi, Ragib, wanda aka yafe wa, da dattawan ƙauyuka biyar da za su nemi wani mai asham bana.

Za a yi rakiya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba za a kai ta wurin masu sayen ƙarfe ba. Taraktan Ragib zai ja ta a hankali daga gareji zuwa gonar tuffa, inda ta tsaya watanni taran nan. A can za a cire mata tayoyi a ɗora ta a kan duwatsu huɗu, da tsawon da kare zai shiga ba tare da ya sunkuya ba. Ana buƙatar maza shida masu lafiyar baya. Wannan karon ba za a juya ta alƙibla ba, domin wannan kwanciya haƙƙin 'yan Adam ce. Za a fuskantar da ita hanya. Efendija zai zauna a ɗakin girkin rani na mahaifiyar Ragib, taku ashirin daga wurin. An aika wa gidan karnuka cewa kada motarsu ta wahala ranar Asabar. Za a sa sabon katako a daɓen, amma duk wanda ya zo da niyyar toshe hudar, ya ajiye gudumarsa a bakin gona. Akwai gahawa da halwa. Mata za su yi karatu a gidan Ragib, ladan ga Zumreta.

Kamar yadda limami yake tambayar sahu sau uku ko sun yafe wa mamaci kafin a ɗauki makara, mai sanarwa yana tambaya sau ɗaya: direbobin da ta tsare a hawan dutse suna bin ta a baya kamar jerin raƙuma, da mai shingen da ta kayar a Stolac, kun yafe mata?

Allah Ya ji ƙan matattunmu baki ɗaya. Ya yalwata kabarin Zumreta 'yar Hašim, Ya sanyaya makwancinta, Ya sa hannun da ta saukar ƙasa ya yi mata shaida a ranar da hannaye za su yi magana. Kai kuma da ka tsaya a gindin bishiyar nan ka karanta har ƙarshe, Allah Ya kai ka gida lafiya, Ya sa ka tarar da mai jiranka a ƙofa. Fatiha.