Rasuwar Kan Eriyar Motar Alhaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu tabon ƙunar dalma, Lawwali ɗan Alhaji Salisu mai yadi na Gawon Nama yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar amininsa, Kan Eriya, wato ɗan ƙarfen nan mai tsini da ke haɗa wayar eriya da bayan rediyon motar mahaifinsa. Ya cika ranar Talatar da ta wuce a bayan rediyo, inda ya yi dukan rayuwarsa cikin duhu da zafi, bai taɓa kai ƙarar kowa ba.

Marigayin bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ya ɗauki nauyin da ƙarti suka kasa. Duk wanda ya san gidan ya san tun da Lawwali ya ajiye makaranta ya gwada gyaran waya ya bari, ya gwada tuƙin keke ya bari, ya bi motar albasa zuwa kudu ya dawo da zazzaɓi. Aikin da ya rage masa shi ne kai Alhaji shago da safe, ya ɗauko shi da yamma. Tun lokacin kuwa akwai tambaya guda a bakin Alhaji: shago zai zauna ko makaranta zai koma? A gida Lawwali sulalewa yake yi. A shago masu ciniki ba su barin sarari. A mota kuwa, inda babu hanyar gudu, marigayi ne ke shiga tsakani. Da Alhaji ya gyara murya sai Lawwali ya murɗa rediyo, mai labarai ya shigo, Alhaji da kansa ya ɗaga hannu a yi shiru. Bayan labarai sai sanarwar rasuwa, wadda Alhaji ba ya wasa da ita, don ya san gidan da zai je gaisuwa. Kafin a gama an iso kasuwa. Haka marigayi ya rufa wa bawan Allah asiri shekara da shekaru.

Ya yi fama da doguwar jinya. Ta faro ne da ɗan "shhhh" in an faɗa rami, daga baya ta koma "ƙrrr, ƙrrr" ko a kan kwalta mai kyau. Allah shaida ne Lawwali bai yi sakaci ba. Ya tokare shi da tsinken ashana. Ya naɗe shi da takardar cingam mai ƙyalli. Ya ɗaure shi da salatif, zafin Sakkwato ya narkar, ya sake ɗaurewa. Ya aro ƙarfen like ya ɗiga masa dalma, rabi a kan marar lafiya, rabi a kan babban yatsansa. Har akwai damina guda da sai ƙanwarsa Bara'atu ta riƙe wayar da hannu in za a kai ta makaranta, sannan magana ke fita.

Ranar da abin ya faru, Lawwali ya murɗa kamar kullum, ko "shhhh" bai ji ba. Ya murɗa, ya buga, ya sake murɗawa. Alhaji yana gefe, ya ɗora hannu a gwiwa, yana kallon titi da natsuwar da ba a san shi da ita ba.

Aka garzaya da marar lafiya unguwar Minanata, rumfar Irmiya rewaya, mai gyaran wutar mota, wanda ya san ciwon tun farkonsa. Irmiya ya zaro rediyo, ya ɗaga wayar ya duba a hasken rana. Daga baya ya bayyana cewa shi dai a saninsa rami ba ya yanka haka, ɓera ma ba ya yi. Yankan a miƙe yake, tsaf, irin na hannun da ya saba raba shadda da almakashi. Ya ƙara da cewa gyaran ba wani abu ba ne, kafin shayi ya huce zai sa sabon kai, sai dai a fara tambayar mai mota. Iyalan marigayi suna son jama'a su sani ba su zargin kowa.

An tambayi mai mota. Ya ce: "Bar shi hakanan, Lawwali. Na gaji da jin labarin duniya, naka nika son ji."

A nan likita Irmiya ya rufe akwatin kayan aikinsa, ya yi wa Lawwali gaisuwa.

Marigayi ya rasu ya bar uwargidansa Rediyo, wadda har yanzu fitilarta na kamawa amma ba ta cewa uffan. Da Eriya, tana tsaye a kan mota tana jiran saƙon da ba mai karɓa. Da lasifika biyu, ɗaya dama kurma ce. Ya kuma bar Lawwali, wanda tun ranar yake tuƙi da gumi, ya yi zancen tsadar mai, ya yi zancen zafi, ya yi zancen ramukan hanya, duk sun ƙare. Alhaji ya ce gobe da safe yake son amsa, kafin su wuce Ƙofar Taramniya.

Za a binne marigayi yau bayan la'asar a gindin dogonyaron ƙofar gida, cikin kwalin ashana, tare da salatif ɗin da ya yi jinyarsa. Zaman makoki kuwa a cikin motar za a yi, gobe da safe, daga gida zuwa kasuwa. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da wuri su shiga kujerar baya, musamman dattawa masu dogon zance. Wanda ya zo ya tarar da kujerar cike maƙil da bandiran atamfa, ya yi haƙuri, Alhaji ya riga shi tun jiya. Sai ya tsaya bakin titi, in sun zo wucewa ya ɗaga wa Lawwali hannu.