Kaina a Wuyan Alhaji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kwamfuta ta tona mini asiri a shagona na ɗaukar hoto a Kaura Namoda. Lokacin ba a daɗe da fara aiki da shari'ar Musulunci ba, mutane sun rage sa hoton amarya a kalandar biki, sai na iyaye maza. Ni kuwa ina ji da kaina, don mu masu gyaran hoto da kwamfuta ba mu da yawa a garin.

Kwamfutar tsohuwa ce, ƙwaƙwalwarta 'yar mitsitsiya. Idan hotuna suka yi yawa a buɗe sai ta fara nishi, ta ƙame. Na san haka sarai, amma ƙiwa ba ta barina in rufe aikin da na gama.

Wani Alhaji, dillalin shanu daga Moriki, ya ba ni aikin kalandar auren ɗansa, babban aikin da na taɓa samu. Na ɗauke shi hoto cikin babbar riga, ya jingina da motarsa. Hoton ya yi kyau har ya ba ni sha'awa, sai na cire kansa na ɗora nawa (wai don in nuna wa wata yarinya da nake nema a Shinkafi, Allah ya shirye ni). Na bar shi a buɗe a bayan sauran.

Da Alhaji ya zo duba aiki tare da abokansa, na shiga burga, ina ta buɗe hoto kan hoto. Kwamfuta ta ƙame. Na danna nan, na danna can, sai ta kawar da na sama, ta tsaya cak a kan nawa. Ga ni nan ina murmushi, ɗan siririn kaina a kan ƙaton wuyan Alhaji. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji ya matso, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, wagga riga dai tawa ta, mota ma tawa ta. Amma kan ga ban san shi ba."

Abokansa suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Bai ƙwace aikin ba, amma ya sa sharaɗi: sai na wanke masa wannan hoton ma. Ya manna shi a rumfarsa ta kasuwar Moriki, inda har yau ake ce mini Alhajin Aro.

Tun ranar, hoto ɗaya nake buɗewa, in gama, in rufe. Kwamfuta ta daina nishi. Yarinyar Shinkafi kuwa a kasuwa ta fara ganin hoton.