Ranar Da Na Kira Malami "Wally"

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na naɗa kaina shehin Turanci a wani otal a unguwar Aziziyya da ke Makka ba. Aikina ɗaukar jakunkuna ne, amma da mudir, wato manajan otal ɗin, ya ce yana neman wanda zai zauna a kantar karɓar baƙi ya riƙa tarbar alhazan Ingila, sai na bugi ƙirji. (Turancin nawa na sakandare ne, shi ma sau biyu jarrabawarsa ta kayar da ni.) Kujerar nan nake so, wallahi bayana ya gaji.

Ya ba ni gwajin mako guda. Rana ta biyu na sa aka loda kayan wasu alhazai biyu a motar da za ta Madina bisa kuskure. Da aka gano, ɗaya ya dube ni ya ce "wally", ɗayan ya gyaɗa kai ya ce "berk". Ko tsawa babu, har da ɗan murmushi.

To fa! Wajen cin abinci na buɗe wa abokan aiki makaranta. Na ce "wally" daga waliyyi Bature ya aro ta, "berk" kuwa albarka ce ya gutsure mata kai da jela. Har bambanta su na yi: ta farko ta manya ce, ta biyun kowa ana iya yi masa. Sani direba ya ce, "Kai ka ɓatar musu da kaya, su kuma suna sa maka albarka?" Na ce hassada ke cin sa.

Ranar da shugaban tawagar alhazan ya iso da sauran mutanensa, dattijon malami mai gemu fari fat, mudir ya ce in yi masa maraba. Na dafa ƙirji, na ɗaga murya don na baya ma su amfana, na shaida masa cewa shi babban "wally" ne, jama'arsa kuma kaf ɗinsu "berk" ne.

Wata Hajiya ta ƙware da zamzam.

Wani likita Bakano da ya zo tare da su ya ja ni gefe. "Malam, wa ya koya maka wannan?"

"Bincike na yi," in ji ni.

"Sannu da bincike. 'Wally' sakarai ke nan, wasu sun ce sunan mutum ne aka gajarta. 'Berk' ma wawa ne, amma tushenta ashar ce. Ba zan faɗe ta a garin nan ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malamin dai dariya ya yi har da share hawaye. Mudir, da aka fassara masa, bai ga abin dariya ba. Kafin la'asar ya ba wa wani kujerar, mutumin da Turancinsa bai wuce kalma uku ba, amma ya iya yin shiru.

Tun daga ranar, in aka yabe ni da yaren da ban sani ba, sai na tambayi ma'ana kafin in ce amin.