Ranar Da Na Kai Fararen Haƙora Dangoma

Abubuwa da yawa sun fara zube mini daga kai, har hulata nakan nema alhali tana bisa kaina, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Dangoma nema wa Nasiru aure ba. Kuma tun yanzu a sani: ban ce ba ni da laifi ba, amma akwai waɗanda suka fi ni laifi, kuma har yau suna yawo cikin gari ba wanda ya ce musu kanzil.

Ni dillalin albasa ne a Gwandu. Ban yi nisa a boko ba (malaminmu ya ce sai dai in riƙa zuwa kullum, ni kuma na ga abin ya yi yawa), amma Allah ya ba ni baki. Shi ya sa duk wanda za a nema wa aure a danginmu ni ake turawa gaba. Sai dai bakin nan da ake yabo, tun ina saurayi nake zuba masa goro, safe da rana da marece. Haƙorana sun yi ja, sun wuce ja, sun koma kalar tsohuwar tukunyar ƙasa. Ban taɓa damuwa ba. Wa ke ganin bakinsa?

Nasiru ɗan marigayi ƙanena ne, a hannuna ya girma, yanzu yana gyaran babur a Kalgo. Ya ga ɗiyar wani Bafulatani mai shanu, Malam Buba, ya dage shi ita yake so, ita ma ta dage. Malam Buba kuwa mutum ne mai wuyar sha'ani, ya sha mayar da manema tun daga ƙofar gida. Da ƙyar ya yarda mu zo ya ji ta bakinmu. Yaron ya durƙusa gabana ya ce, "Baffa, in wagga tahiya ta ɓaci, ba ya sake sauraron mu." Na ce masa ya je ya fara neman telan da zai ɗinka masa kayan angonci.

Mai laifi na farko shi ne Ɗan Ige, abokina tun muna yara, wanda zai raka ni. Ana saura 'yan kwanaki ya zo rumfata ya nuna mini a wayarsa wani hoto da aka ɗauke mu wurin suna, ya sa yatsu biyu ya ja hoton har bakina ya cika wayar.

"Dubi nan," in ji shi. "Wanga bakin za ka kai ma Fulani? Mutanen da haƙoransu suke fari fat don shan nono? Aradu ka yi dariya sau guda shanunsu na watsewa."

Na zage shi, ya tafi yana ƙyaƙyatawa. Amma maganar ta zauna mini. Na ari madubin mai ɗakina Kulu na buɗe baki, na yi saurin rufewa. Na gwada gawayi, na gwada toka da gishiri, na ci asawaki har dasashina ya yi jini, ko gezau. Ana gobe tafiya na ce wa Kulu zan je duba wata motar albasa, na shiga bas sai Birnin Kebbi, wani asibitin haƙori da na taɓa ganin allonsa.

Nan na haɗu da mai laifi na biyu. Likitan yaro ne, sa'an Nasiru. Ya haska mini fitila, ya leƙa, sannan ya ce da murya irin ta mai ta'aziyya, "Baba, tun yaushe kake cin goro?" Na ce tun ba a yaye babanka ba. Da ya ga giɓin da nake da shi ta gefe sai ya ce ai yanzu ana dashen haƙori: a huda ƙashin muƙamuƙi, a ɗaura ƙarfe kamar noti, in ya kama a ɗora haƙori bisansa. Na ce, "Yaro, ka ga na yi maka kama da ƙyauren shago?" Giɓina ba ya damun kowa, ta nan nake tsartar da yawu. Wanki kawai na zo.

Wanki! Da na san abin da suke kira wanki da na tsaya ga tokata. Aka kwantar da ni, aka sa wani ɗan inji mai kukan sauro ana kankare ni. Aka cusa mini wata roba ta yage mini leɓɓa, na koma kamar kan akuyar da aka babbake. Aka shafa wani magani, aka kunna shuɗiyar fitila aka bar ni, ga 'yan mata ma'aikata suna wucewa suna yi mini sannu. Ni, mai jikoki!

Amma da aka miƙo madubi, to, gaskiya ɗaya ce, na ga abin da rabona da shi tun zamanin samartaka. Ba su yi fari fat ba, sun dai yi kamar ɗanyar masara, amma a wurina farin wata ne ya fito. Likita ya ce na kwanakin nan kada in taɓa goro, ko shayi, ko miyar manja, in ba haka ba duk aikin ya tashi banza. Daga baya ya rantse wai ya kuma gargaɗe ni game da abu mai sanyi. Ƙarya yake. (In ma ya faɗa, to lokacin ina kallon madubi ne, kuma mai hankali ba ya yi wa mutum magana yana kallon madubi.)

Na isa gida na yi wa Kulu murmushi. Ta ja da baya ta dafe ƙirji. "A'uzubillahi! Bakin wa ka aro?" Shekara da shekaru muna tare, abin da na samu ke nan. In matata ta faɗi haka, mi Ɗan Ige zai ce? Na yanke shawara ba mai ganin haƙoran nan sai an gama magana an shafa fatiha.

Washegari ni da Ɗan Ige muka isa Kalgo, Nasiru ya ɗauke mu bisa babur zuwa Dangoma. Iska na shiga bakina na ji tsam, kamar an soka mini allura a kowane haƙori. Na ja hiramina na naɗe baki da hanci. Ɗan Ige ya tambaya, na ce mura. Nasiru ya tsaya nesa gindin wata bishiya kamar yadda ya kamata ga mai neman aure, mu muka ƙarasa.

An shimfiɗa tabarmi, ga Malam Buba da ƙannensa, ga garken shanu kusa. Sai na shiga gidan mai shanu da hanci a toshe, na gaisa da mutane ta cikin ƙyalle. Ban ga aibin abin ba sai da na lura ƙanen Malam Buba ya dubi shanun, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Na zame hiramin, amma na ci gaba da magana leɓɓa a tsuke kamar mai riƙe da allura a baki.

Malam Buba ya sa hannu aljihu ya fito da wani farin goro, ƙato, mai sheƙi. Ya ɓare shi da kansa ya miƙo mini rabi. Duk wanda ya san mutane ya san mi wannan ke nufi. Yawuna ya tsinke, amma na tuna robar nan da shuɗiyar fitila. Na karɓa hannu biyu, na yi godiya, na zura shi aljihu. Ɗan Ige ya zungure ni da gwiwar hannu. Aka kawo shayi, na ce na ƙoshi. Mutane suka fara kallon juna.

Sai ga fura da nono cikin ƙwarya. Alhamdulillahi, na ce a raina, fari ne, likita bai hana fari ba, yanzu zan wanke kaina. Ashe saboda mu aka aika har Kalgo aka sayo ƙanƙara aka zuba. Na cika ludayi, na yi bisimilla da ƙarfi don kowa ya ji, na kurɓa.

Jama'a, an taɓa harbina da kunama, an taɓa cire mini ƙaya da aska, ban taɓa jin irin wannan ba. Kamar an haɗa haƙorana da wayar lantarki. Na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba, na fesar da furar gaba ɗaya. A kan wa? A kan farar rigar Malam Buba, tun daga wuya har cinya.

Ba wanda ya motsa. Malam Buba ya dubi rigarsa, ya sa yatsa ya ɗauke wani gudan fura, ya ajiye gefen tabarma a hankali.

"Malam," ya ce, murya ƙasa ƙasa, "ka shigo gidana ka toshe hanci. Na ba ka goro ka ɓoye. Nonon gidana ka tofar. In kuna tsoron mun sa muku wani abu, mi ya kawo ku neman ɗiyarmu? Ku gaida gida."

Ya fara naɗe ƙafa zai tashi. Na hango Nasiru can gindin bishiya yana goge babur ɗin da ba shi da datti, yana satar kallonmu. Duk iya maganar da ake yabona da ita ta gudu. Abu guda ya rage mini. Na ce, "Malam Buba, don Allah dakata, dubi nan." Na yage baki iyakar yagewa, kamar yadda robar ta koya mini, na faɗi komai: hoton, madubin Kulu, asibitin, fitilar.

Ɗan Ige ya leƙo, ya faɗi bisa tabarma yana bugun ƙasa. Can bayan zana wata tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗaga murya: "Buba, tambaye shi, yaron ka neman aure ko shi?"

Malam Buba ya dube ni ya ce, "Sun ce mini baffan yaron ba ya da abin so kamar goro. Na aika kasuwa aka zaɓo mini wanda ya fi kowane." Sai ya yi murmushi, karon farko tun zuwanmu. Wallahi haƙoran da suka rage masa ba su da yawa, kuma sun fi nawa na da ja nesa ba kusa ba. Na juya na dubi Ɗan Ige. Shanu na watsewa, ko?

"Goron na nan?" in ji Malam Buba.

Na laluba aljihu na fito da shi. Na dube shi, na tuna wahalar jiya da kuɗin da na bari a asibiti. Na jefa shi baki. Kowane tauni sai na ji har tsakiyar kaina, hawaye na zuba, ina cewa, "Kai, wanga goro da daɗi yake." Sai da ya ga na haɗiye sannan ya gyara zama ya ce, "To, yanzu mi ke tahe da ku?"

An yi auren, har sun samu ɗiya. Haƙorana kuwa kafin a sa rana sun koma gidansu na da. Amma duk Dangoma ba mai kirana baffan Nasiru, Ango suke ce mini, har surukata matar Nasiru in ta gaishe ni sai ta rufe baki da gyale. Ɗan Ige bai ba ni haƙuri ba, likita bai ba ni haƙuri ba. Ban ce kowa kada ya je a wanke masa haƙori ba, aikin yana kyau. Ka dai saurari likita kafin a miƙo maka madubi, kada ka yi ana gobe za ka gidan mutane, kuma kafin ka gyara bakinka don kunyar wani, ka bari shi ya fara yin dariya ka gani.