Rasuwar Katako Na Uku Daga Bakin Ƙofa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai cike da ɗacin shayi, tsohon Hedimasta na gida mai koren ƙyaure yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar amininsa, Katako Na Uku daga bakin ƙofar baranda. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi a hannun kafinta, sakamakon wata cuta da ba ma shi ta kama ba. Ya rasu yana da shekara ashirin da shida a bakin aiki, bai taɓa neman hutu ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, marigayin ba wani kyakkyawa ba ne. Fentinsa ya daɗe da kankarewa, yana da tsaga a gefe guda, kuma babu jikan gidan da bai ɗanɗana sartsensa a tafin ƙafa ba. Amma fa yana da murya, kuma ya san mutane. Idan jikoki suka taka shi a guje, sai ya ce ƙyas-ƙyas. Idan surukin gidan ne, mutum mai jiki tubarkalla, sai ya ce ƙuuuu, kamar mai neman a kawo ɗauki. Idan kuwa mai ɗakin Hedimasta ce, sai ya ja ƙiiiƙ, doguwa, a natse. Wannan ƙiiiƙ ɗin ita ce babbar hidimar da ya yi a rayuwarsa.

Shekara tara ke nan da likita ya dubi takardar gwaji, ya dubi Hedimasta, ya raba shi da sukari. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ƙwace alewa a hannun yara, yau ga shi shi aka hana. Mai ɗakinsa kuwa ta riƙe maganar likita da hannu bibbiyu. Kullum da yamma takan kawo masa shayi salam ba ko ƙwaya, ta ajiye masa a ƙarshen baranda inda kujerarsa ta ba ƙofa baya, sannan ta koma ciki ɗauko nata. A ƙarƙashin kujerar akwai wani tsohon akwatin alli da ya taho da shi daga makaranta. Rabinsa alli ne, rabinsa kuma wani abu ne fari mai kusurwa huɗu da ba a rubutu da shi. Ƙwaya biyu yakan jefa, ba ya wucewa, domin shi ma yana son ransa. Daga marigayin zuwa kujera taku bakwai ne, kuma taku bakwai sun ishi mai hankali ya rufe akwati, ya tura shi da dunduniya, ya ɓata fuska irin ta mai shan magani.

A duk shekarun nan marigayin bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa kai ƙara ba. Sau nawa aka ce a buga masa ƙusa guda ya yi shiru, Hedimasta ya ce a'a, ai maganin ɓarayi ne.

Ajali ya biyo ta kan maƙwabtansa. Gara ta cinye katako na biyar da na shida ta ciki, ba wanda ya sani, har ranar da suruki ya zo gaisuwa. Ya rusuna ke nan zai ce ina wuni, ƙafarsa ta dama ta shige har gwiwa, ya ƙarasa gaisuwar daga can ƙasa. Babbar 'yar gidan, matarsa, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba a ja da ita. Ta ce, "Baba, yau ƙafarsa ce, gobe taka ce. Mai ciwon sukari kuwa ba ya wasa da rauni a ƙafa. Barandar nan gaba ɗaya za a ɗaye."

Hedimasta ya roƙa a bar masa na ukun kawai, tunda shi lafiyarsa ƙalau. Kafinta ya girgiza kai, ya ɗago samfurin da ya kawo. Ya ce, "Malam, wannan haɗin garin katako ne da roba, ba ya zama da tsoho a layi ɗaya. Gara ba ta cin sa, ruwa ba ya ruɓar da shi, ba fenti, ba sartse. Ko ƙusa ba za ka gani ba, ta ƙasa ake maƙale shi. Kuma ko giwa ce ta taka shi, ba za ka ji ƙara ba." Yana faɗa yana murmushi, bai san ya soki dattijo a ƙahon zuci ba.

Da aka zura wa marigayin ƙarfe aka ɓanɓaro shi, ya yi magana ta ƙarshe. Ƙiiiƙ ya ce, irin ta mai ɗakin, alhali tana can kicin. Hedimasta ya tura akwati da dunduniya kafin ya tuna.

Suruki, don ya wanke kunyarsa, ya ɗauki nauyin fitilu da hannunsa. 'Yan ƙanana ne masu ƙaramar wuta, waɗanda ko jika ya kama wayarsu ba za ta ja shi ba, da ɗan taransifomansu a jikin bango, kuma da rana ta faɗi su ke kunna kansu. Ya jera su a matakala, ya jera a gefe. Saboda tsabar biyayya kuma ya dasa guda daidai ƙarƙashin kujerar surukinsa, wai kada Baba ya yi tuntuɓe. Allah ya saka masa da abin da ya yi niyya.

Yammar farko a sabuwar baranda, aka kawo shayi, aka koma ciki. Hedimasta ya kasa kunne, shiru. Ya sunkuya, ya buɗe akwati, ya ɗauko biyu. Nan take fitilu suka kawo fau, suka haska akwatin, suka haska hannunsa, suka kuma haska wasu silifa guda biyu da ƙafafu a cikinsu.

Ya ce, "Alli nake dubawa."

Ta ce, "Allin dai biyu kake sawa, Malam, kada ka ƙara."

Ta ja kujerarta ta zauna. Ta ce shekara tara tana taka katakon nan da gangan. Shin ya ɗauka ba ta iya tsallake shi ba ne? Sau nawa ta fito shara yana gyangyaɗi a kujera, ya taɓa jin ƙara? Tun shekarar farko ta gaya wa likita, ya ce in dai biyu ne a ƙyale shi, ita kuma ta riƙa rage masa ta wajen abinci. Ta ce, "Mutumin da ya saba ba da umarni, ban so in ga ranar da zai riƙa roƙona ƙwayar sukari ba."

Hedimasta ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun yana ɗalibi. Washegari ta kawo shayin da ƙwaya biyu da ta sa da hannunta, a fili, da izini. Ya kurɓa, ya ji ba daɗi ko kaɗan. Ita ma ta sha nata kamar wadda aka sallama daga aiki. Ashe su biyu aka yi wa rashin.

Marigayin ya bar ƙusoshi biyu masu tsatsa, da 'yan uwa uku da suka koma aikin akurkin kaji a gidan maƙwabci, da akwatin alli guda, da Hedimasta da mai ɗakinsa.

Za a kai shi makwancinsa ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, a ɗakin ajiya, bisa bulo biyu inda gara ba za ta kai gare shi ba. Wanda ya ba da shawarar a hura wuta da shi ya san kansa, kuma ba a gayyace shi ba. Za a karɓi gaisuwa a sabuwar baranda. Ana roƙon masu zuwa kada su wahalar da kansu da buga ƙafa, ba ta amsawa, Hedimasta ya gwada. Suruki zai zauna kusa da bango.

A ƙarshe, shayi ya koma zuwa salam kamar da, akwatin alli kuma an matsar da shi gefen da haske ba ya kaiwa. Duk wanda ya ji mai ɗakin tana wani dogon tari a bakin ƙofa, taku tara daga kujera, don Allah kada ya kawo mata magani. Lafiyarta ƙalau.