Rasuwar Ƙyallu, Kyamarar 'Yan Golf na Damari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta gaji da sanar da mutuwar mutane har abin ya gangaro kan kaya, ni Malam Sha'ibu na Faskari, a madadin ragowar 'yan Ƙungiyar Golf ta Manoma, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa rasuwar kyamararmu, wadda muke kira Ƙyallu. Ta cika a kan teburin wani mai gyara a Funtuwa bayan doguwar jinya. Ta tafi da duk hotunan da ke cikinta, har da hoto ɗaya tak da ya rage a duniya na abokinmu Ɗanhausa, wanda matarsa Laraba take jira.

Wanda bai san mu ba zai yi dariya, kuma ba laifinsa ba ne. Alhaji Salahuddeen ne ya kawo mana wasan, lokacin da ya yi ritaya daga aiki a Kaduna ya dawo Sabuwa da tsofaffin sanduna a cikin buhu. Filinmu gonar Baba Barau ce a bayan Damari. In an yi girbi an kwashe kara, sai ya ba mu aronta har ruwan farko ya sauka. Mu share, mu haƙa ramuka, mu binne gwangwanin tumatir a kowanne. Mutanen gari suna cewa tsofaffi sun zautu, suna bin ƙwan zabo da sanda da rana tsaka. Ba mu taɓa musa musu ba.

Gardama ce ta haifi marigayiya. Kullum sai an yi musu a kan ko sanda ce ta kai ƙwallo rami ko kuwa ƙafar mai ita, don haka muka yanke shawarar neman shaida. Alhaji ya so a sayi babba mai dogon hanci irin ta 'yan jarida. Badamasi na Ƙanƙara ya ce wayarsa ta isa, alhali wayar ba ta taɓa kai la'asar da rai ba. Ɗanhausa, manomi ne daga wajen Pauwa, Bamaguje da ya shiga coci, kuma duk ya fi mu ƙarancin magana. Ya bari muka gaji, sannan ya ce, "Ku sayi wadda ke cin batirin rediyo. Wa ke da wuta gidanshi cikinmu?" Haka aka tafi Funtuwa aka ɗauko ta, 'yar ƙarama, baƙa, ba ta fi sabulun wanki ba.

Ta yi rayuwa mai kyau. Ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Tumbin Alhaji yadda Allah ya yi shi haka take fito da shi, kuma ta sha kama ƙafar Badamasi tana taimakon ƙwallo, amma ba ta taɓa tona masa asiri ba sai an tambaye ta. In an tashe ta sai ta ce zuuu, ta turo idonta waje. In ta ga abin da ya dace sai ta ce ƙyas. In yunwa ta kama ta sai ta yi tit, tit, kamar ɗan tsako marar lafiya, mu kuwa mu kwance batirin rediyon wani mu ba ta.

Karɓa-karɓa muke riƙe ta: daga Ƙanƙara ta je Sabuwa, daga Sabuwa ta zo Faskari, ba a tsallake layi. Kuma muna da doka, Alhaji ne ya kafa ta don kada wani ya goge abin kunyarsa a ɓoye: ba a wanke hoto, ba a share hoto, sai ranar rufe fili, mun zauna gindin ɗorawa mun kalla tare. Mun riƙe wannan doka fiye da yadda muka riƙe wasu da suka fi ta muhimmanci.

Ɗanhausa ba ya son hoto. Da ya ji zuuu sai ya juya ƙeya. Sau ɗaya kawai ta same shi, a ranin ƙarshe da muka yi wasa, ranar da ya buga daga wajen kuka ƙwallon ta gangara ta faɗa gwangwani. Ya ɗaga sanda sama yana dariya, haƙoransa duka a waje, ita kuwa ta ce ƙyas. Na gani da idona a ɗan gilashin bayanta.

Ba mu yi zaman ɗorawa ba a shekarar, don daji ya lalace. Da damina ta faɗi, masu bindiga suka tare Ɗanhausa a hanyar gona, suka kashe shi. Katinsa na zaɓe, mai ɗauke da hotonsa, yana cikin aljihun rigar da suka tafi da ita. Da muka je gaisuwa, Laraba ta fito da jaririya a goye, ta durƙusa ta ce, "Malam, an ce mani kuna da hotonshi shina dariya. Shi kaɗai nike so. Ɗiyar nan ba ta san fuskarshi ba." Na ce mata ta ɗauka ya zo hannunta.

A lokacin marigayiya tana wurin Badamasi, layi kuma na abokin wasanmu Jabiru ne a Sabuwa, sannan ni. Riƙe kyamara a hanya ya zama neman mutuwa, domin kowane ɓangare, masu bindiga ko jami'an tsaro, ya gan ka da ita zai ce kai mai kai rahoto ne. Saboda haka muka koma tura ta cikin buhun masara, a buga waya a ce baƙuwa na tafe. Badamasi ya naɗe ta a tsumma, ya cusa ta tsakiyar sabuwar masara, ya ba direba. A makon ne aka yanke layin waya a yankinmu. Jabiru ya ga buhu daga aboki, ya ɗauka kyauta ce, ya yi godiya, ya jefa shi can ƙuryar ɗakin ajiya.

Da layi ya dawo na tambayi Badamasi, ya ce ai tana Sabuwa. Na tambayi Jabiru. Shi kuwa ya san halin rashin da Badamasi ya shiga a shekarar, sai ya zaci ya sayar da ita ne kunya ta hana shi faɗa. Don ya rufa masa asiri ya ce, "Tana nan lahiya lau, Malam, a ƙara haƙuri." Duk lokacin da na tambaya amsar ke nan. Mutanen kirki biyu suka yi ta kare mutuncin juna, ita kuma tana kwance cikin masara da batir a cikinta, har wata daminar ta zagayo.

Mansura, matar Jabiru, ita ta same ta ranar da abinci ya ja baya aka kwance buhun. Batir ya fashe, ya yi farin gari ya ci cikinta. Jabiru ya yi mata jinya irin wadda ya sani, ta rediyo: ya shanya ta a kan kwano, ya ɗiga mata kananzir da gashin kaza. Da ya zaro ɗan katin da hotuna ke ciki ya ga bakinsa ya yi tsatsa, sai ya sa reza ya kankare shi tas, kamar yadda ake yi wa kan batirin tocila. Ba na zarginsa. Da ni ne, wataƙila abin da zan yi ke nan. Da muka kai ta Funtuwa, mai gyara ya juya katin a tafin hannunsa, ya dube mu, ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Ya sa mata sabon batir. Ta ce zuu, idonta ya fito rabi ya tsaya, daga nan ba ta sake motsi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu kuma bai dawo daidai ba.

Ta rasu ta bar jakarta da igiyar rataya, da sanduna da suka yi tsatsa a zauren Alhaji, wanda ya koma Kaduna wurin 'ya'yansa. Ta bar Baba Barau da gonar da ba ya iya zuwa. Ta bar Badamasi da Jabiru, suna gaisawa ba sa haɗa ido. Ramukanmu na Damari, in akwai wanda ya san halin da suke ciki, ba mu ba ne.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bayan gidana da ke Faskari, gindin dalbejiya, tunda filin da ya kamata a kai ta ba ya shiguwa. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma mun yarda. Za a sa ta a gwangwanin madara, da katinta, a rufe. Babu zaman makoki. Waɗanda ke nesa su yi zamansu, kada kowa ya hau hanya saboda kyamara.

Bayan an rufe ta zan wuce Pauwa in sanar da Laraba, kuma ina roƙon mutum ɗaya ya raka ni, don ban san da bakin da zan fara ba. Ta aiko jiya cewa ta sayi firam na saka hoto a kasuwar Ƙanƙara, ta riga ta buga ƙusa a bango, tana tambaya ko girman zai yi daidai.